Ƙoƙon Kai Na Bakwai

Ranar da ta fara sauka ɗakin ƙasa na gidan tarihin, akwatin fenti a hannu ɗaya, damin burushi a ɗayan, tana mataki na tara wuta ta ɗauke. Duhu ya rufe ta ɗif. Ta tsaya cak, ta laluba bango, sanyinsa ya ratsa mata tafin hannu. Wani wari kuma yana tasowa daga ƙasa, warin tsohuwar takarda da maganin ƙwari.

"Kar ki motsa," in ji wata murya daga can ƙasa. "Saura mataki huɗu, na ƙarshen a karye yake."

Sai aka kunna fitilar waya. Abin da ta fara gani haƙora ne jere reras a cikin gilashi, da ramukan idanu baƙi ƙirin suna kallonta. Ta saki salati, ta saki burushi gaba ɗaya, suka gangara ƙasa suna ƙara.

Mai muryar ya durƙusa yana tsince su yana dariya ƙasa-ƙasa. Dogo ne, siriri, sanye da farar rigar aiki duk ta ɓaci da filasta. Dogo ake ce masa a gidan, daga shugaba har mai shara, kuma sunan bai zalunce shi ba.

"Ke ce mai rubutun da aka ce za ta zo? Sannu da zuwa. Kar ki ji tsoro, duk kwafi ne. Filasta ce da fenti."

"Wa ya ce maka tsoro na ji?" ta ce, alhali muryarta rawa take yi.

Ya dubi yatsunta, kowanne da tabon tawada har gindin farce. Tun daga ranar ya raɗa mata Tawada, sunan kuma ya bi ta.

Aikinta rubuta allunan shaguna ne a bakin kasuwa, hannunta kuwa ya yi suna. An ɗauko ta ne ta sake rubuta katunan bayanin ɗakin, don tsofaffin sun koɗe. Ɗakin ba taga ko ɗaya. A tsakiyarsa akwai doguwar akwatin gilashi, a ciki ƙoƙon kai guda bakwai a jere: na farko ƙarami mai tsinin baki, kowane na gaba goshinsa na ƙara tashi, har zuwa na bakwai mai kama da na kowa. Duk an shafe su da fenti iri ɗaya, ruwan ƙasa mai sheƙi.

Ta karanta tsohon katin da ke sama, ta ajiye burushi.

"Wannan kam ba da hannuna ba."

"Me ya yi?"

"An rubuta kakannin ɗan Adam. Ni kakana Annabi Adamu ne. In kai naka ne wancan mai bakin, ka rubuta da kanka."

Kowa zai zaci Dogo zai ja gardama. Ina! Sosa ƙeya ya yi, ya ɗauko fensir, suka zauna suna jayayya a kan jimla ɗaya har kusan awa guda. Daga ƙarshe suka tsaya a kan: ƙasusuwan da masu bincike suka tono, da shekarun da suka ƙiyasta musu. Ta ce wannan za ta iya rubutawa ba tare da ta yi istigfari ba.

Da azahar ta yi, ta ga ya cire farar rigar, ya yi alwala a famfon wanke kayan aiki, ya shimfiɗa darduma a lungu. Ta bi shi da ido baki sake. Da ya idar ta kasa haƙuri.

"Ashe kana sallah?"

"Da me kika ɗauke ni?"

"Oho. Na zaci masu wannan karatun sun sallama."

Ya naɗe dardumar a hankali. "Goshina yana ƙasa sau biyar a rana, Tawada. Idona kuma ya ga abin da aka tono, na karanta yadda aka auna shi. Ban iya ƙaryata ko ɗaya ba. Inda suka haɗu ban sani ba, na bar wa Allah."

Ta taɓe baki, amma maganar ta bi ta har gida.

Katuna arba'in da biyu ne, aikin kwana goma. Sai da ta yi wata guda. Kullum akwai harafin da bai yi mata ba, kullum kuma Dogo yana da wani ƙarin bayani da ya manta jiya. Yakan dafa mata shayi a ƙaramin risho, ya zuba mata a kofinsa mai ɓallen hannu, shi ya sha a murfin flas. Da yamma saƙonni su fara.

"Tawadata, kin isa gida lafiya? Kin manta burushinki ƙarami. Na ajiye shi a aljihun gaba, kusa da zuciya."

"Ka kula dai kar ya ɓata maka riga. Ka gaishe min da kakanninka bakwai."

"Suna amsawa. Na uku ya ce kin yi kyau yau."

"Allah ya shirye ka, Dogona."

Ya karanta kalmar ƙarshen nan ya fi sau ashirin, har da nuna wa bango.

Ita ce ta fara lura da na bakwai. Mai rubutu da awo take aiki, ba ta ɗora kati sai ta daidaita shi da tsakiyar abin da ke bayansa. Ranar Litinin ta daidaita katin da hancinsa. Ranar Alhamis ta tarar hancin ya kauce da faɗin yatsa biyu, ya karkata wajen teburin da take zama.

"Dogo, ka taɓa wannan?"

"Ta ina? Akwatin nan a kulle take tun kafin a ɗauke ni aiki. Makullin ya ɓata tun zamanin wanda na gada."

Ta ɗiga tawada a jikin gilashin daidai hancin. Bayan mako guda hancin ya wuce ɗigon. Idan ta sunkuyar da kai tana rubutu sai ta ji kamar ana kallon ƙeyarta, in ta ɗago, ramukan idanun nan biyu suna kanta sak.

"Janareta ne," in ji Dogo. "Yana bayan bangon nan, in aka tada shi katakon yana girgiza."

"To me ya hana sauran shidan juyawa?"

Daga ranar ta mayar da teburinta bakin matakala, ba ta kuma yarda ta zauna a ɗakin ita kaɗai ba. Shi ma, ko da yake bai faɗa ba, ya daina cin abincin rana a jingine da akwatin kamar yadda ya saba.

Da aikin ya ƙare ya ce zai zo gaishe da Baba. Gabanta ya faɗi, don ta san ubanta. Baba mai haƙan kabari ne, shekara talatin da ɗaya yana wannan aikin a babbar maƙabartar gari. Mutum ne marar yawan magana, in ya ce a'a sau ɗaya ba ya maimaitawa.

Akwai kuma ɗan goggonta mai shagon sayar da waya, wanda tun tana makaranta yake mata kallon tasa. Da ya ji ƙishin-ƙishin maganar, sai ya sayi tikiti ya bi ayarin 'yan makaranta zuwa ɗakin ƙasa, ya ɗauki Dogo a waya yana bayani. Ya yanke farkon, ya yanke ƙarshen, ya kawo wa Baba tsakiyar. A ciki ga Dogo nan tsaye, hannu a kan gilashi, yana cewa, "mu da birai tushenmu ɗaya."

Baba ya kalla sau ɗaya ya miƙa wayar. Ya kira ta tsakar gida.

"Uwata, wannan ne?"

"Shi ne, Baba. Amma wallahi yana sallah, da idona..."

"Ban tambaye ki ba. Ni da hannuna nake mayar da 'ya'yan Adamu cikin ƙasar da aka yi ubansu da ita. Ba zan ba da 'yata ga wanda zai gaya wa jikokina biri ne ya haife su ba. Kar ya zo."

Ta shige ɗaki ta yi kuka mai isarta, sannan ta jawo waya.

"Na ga bidiyonka. Ashe abin da kake faɗa wa yara ke nan?"

"An yanke shi ne, Tawada. Cewa na yi masu wannan ilimin suna cewa. Kuma ba su ce biri ya haifi mutum ba."

"Na yarda an yanke. To ka zo ka ce wa Baba kai ba ka yarda da komai a ciki ba, aiki ne kawai kake yi don abinci. Kalma biyu ce, shi ke nan a ba ka ni."

Sai ga amsarsa.

"Ina son ki fiye da yadda zan iya rubutawa. Amma ba zan fara shiga gidanku da ƙarya ba. Akwai abin da na gamsu da shi a ilimin nan, akwai wanda ban sani ba. In ya tambaye ni haka zan ce masa."

"To ka auri ƙasusuwanka."

Ta kashe wayar. Kwana tara ba ta kunna ba. Ta rame, ta yi zuru-zuru, ta ɓata allunan mutane biyu a shago. Ɗan goggo kuwa kullum yana gidan da tsaraba, bakinsa har kunne.

Inna ce ta gaji da ganin 'yarta tana tsakurar abinci. Ta sami Baba yana wanke ƙafa bayan ya dawo aiki.

"Malam, kai da ko ramin da wani ya haƙa ba ka yarda da shi sai ka shiga ka auna da kanka, yau kai ne za ka yanke wa mutum hukunci da abin da yaron nan ya nuna maka a waya? Ka je ka gani mana. In ka dawo ka ce a'a, ni ce zan fara rufe maganar."

Ranar Laraba da hantsi Baba ya sa wankakkiyar rigarsa, ya ce Tawada ta wuce gaba ta nuna masa hanya.

Ana yayyafi suka isa. Dogo yana jin takun mutum biyu a matakala ya leƙo, ya ga ko su wane ne. Ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da zuwa, Baba. A kula da matakin ƙarshe."

Baba ya amsa a taƙaice. Ya goya hannu a baya ya fara bin akwatin daga farko. Ya dubi na ɗaya, ya wuce. Na biyu, na uku, fuskarsa a ɗaure tamau. Dogo na biye da shi yana shirya amsoshi a ransa, Tawada kuma ta tsaya bakin matakala tana murza gefen mayafinta.

A gaban na bakwai Baba ya tsaya. Ya daɗe a tsaye. Ya sunkuya har numfashinsa ya yi gumi a jikin gilashin. Sai ya miƙe, ya zare takalmansa, ya ce da murya ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi kowace safiya a ƙofar maƙabarta:

"Assalamu alaikum, bawan Allah."

Tsikar jikin Tawada ta tashi gaba ɗaya. Ɗakin ya yi tsit, sai ɗigar ruwa a famfo.

"Baba," in ji Dogo, "kwafi ne. Filasta ce. Haka aka rubuta a littafin kaya."

"Waɗancan shidan ban san su ba. Wannan mutum ne. Buɗe."

"Babu makulli, Baba. Kuma doka ta hana..."

"To." Baba ya juya zai sa takalmi.

Dogo ya dubi Tawada, ya dubi akwatin. Ya je teburinsa ya ɗauko guduma da kurfi. Bugu uku kwaɗon ya faɗi. Da ya ɗaga murfin wata iska mai sanyi ta fito, mai warin rufaffen ɗaki.

Ya fara ɗaga na shida, don ya nuna wa Baba. Nauyi gare shi kamar bulo, ƙasansa a shafe. Sannan ya kai hannu biyu ga na bakwai da irin wannan ƙarfin, sai hannunsa ya yi sama fiye da yadda ya nufa. Ba nauyi ko kaɗan. Haƙori ɗaya ya motsa a ƙarƙashin babban yatsansa.

Saura kaɗan ya sake shi. Baba ya tare da sauri, ya karɓa da bismillah, ya rungume shi a ƙirji kamar jariri.

"Duba nan," ya ce, yana nuna masa da ɗan yatsa. "Haƙorin filasta haɗe yake da muƙamuƙi, wannan kowanne da raminsa. Dubi cikin ido, ƙashin siriri ne har haske na ratsawa. Duk damina ruwa sai ya buɗe min tsofaffin kaburbura, ni nake tattarawa in mayar. Ko a cikin dubu aka sa shi zan gane shi, fenti ba ya ɓoye min."

Dogo ya haska da fitilar waya. Can a turmin haƙori na baya ya ga ɗan ƙarfe ya yi baƙi. Ciko ne. Mutumin nan ya taɓa ciwon haƙori, ya taɓa zama a kujerar likita ya buɗe baki, wataƙila wani ya raka shi.

Ya zauna daɓas a ƙasa. Shekara biyu yana jingina da akwatin nan yana cin abinci. Shekara biyu yana ƙwanƙwasa gilashin da biro yana ce wa yara, ga mu nan, wannan shi ne mu. Kunya da tsoro suka haɗu suka rufe shi.

"Kun karanci mutanen shekara dubu ɗari," in ji Baba, ba da faɗa ba, "ga na jiya-jiya a gabanku kun shafa masa fenti. Wani ne ya haife shi, ɗan nan."

Ya cire ƙaramin mayafin da ke kafaɗarsa ya lulluɓe kan, ya ajiye shi a kan teburi a hankali.

"Ba wannan ya kawo ni ba. Amma ka sani, ba zan ƙara samun nutsuwa ba matuƙar yana nan."

Ya sa takalmansa ya hau matakala. Maganar aure ko da wasa bai taɓo ta ba. Tawada ta bi bayansa, a mataki na uku ta waiwayo, ta ga Dogo zaune yana kallon mayafin, hawaye na bin kuncinsa.

Da yamma ta kunna wayarta.

"Dogona, ka yafe min maganar da na faɗa."

"Ni ne mai neman yafiya, kuma ba wajenki kaɗai ba. Sai na ga an rufe shi, Tawada, ko da Baba ba zai ba ni ke ba."

Washegari ya shiga ofishin shugabar gidan. Ta saurare shi har ƙarshe, ta cire tabarau ta ajiye.

"Ka fasa kwaɗon hukuma saboda wani tsoho ya yi wa filasta sallama?"

"Ranki ya daɗe, ki sauko ki ɗaga shi da hannunki."

Ba ta sauko ba. Ta ce abin yana da lamba, kayan gida ne, ba a fitar da ko allura sai kwamiti ya zauna. Ta ce in maganar ta fita gari za a ce shekara da shekaru suna nuna wa yara gawa, a zo a rufe ɗakin baki ɗaya, masu cewa ilimin nan kafirci ne su sami abin da suke nema. Ta ce ya mayar da shi cikin akwati ya yi shiru. Ya ce ba zai iya ba. Ta dakatar da shi daga aiki har sai an bincika.

Ɗan goggo ya ji labari ya zo gida da murnarsa. "Kawu, ka ji ko? Har aikin ma an kore shi." Baba ya dube shi sama da ƙasa, ya ce ya tashi masa daga kan tabarma zai yi sallah.

Dogo bai zauna ba. Ya roƙi mai kula da ɗakin takardu ya bar shi ya duba tsofaffin littattafai. Kwana huɗu yana shaƙar ƙura, a na biyar ya samu. Wata wasiƙa ce da ta yi ja don tsufa: kwafi na bakwai ya fashe a hanya, an aro na gaske daga ɗakin koyarwa na asibiti kafin sabo ya iso. Namiji, ba a san sunansa ba, ba wanda ya zo nemansa. Sabon bai taɓa isowa ba, wanda ya aro kuma ya daɗe da rasuwa.

Ya kai wa shugaba wasiƙar. Ta karanta sau biyu. A wannan karon ta sauka ɗakin ƙasa da kanta, ta ɗaga gefen mayafin, ta daɗe tana kallo. Da ta hau sama idanunta sun yi ja.

"Aro ne ashe," ta ce. "Ba namu ba ne ma. Rubuta takardar, zan kai wa kwamiti da kaina."

Sai da aka yi mako uku ana kai da komo tsakanin gidan tarihi da asibiti da ofishin 'yan sanda. A cikin kwanakin nan Dogo ya zauna da auduga da man goge fenti, yana cire fentin nan kaɗan-kaɗan, yana ba mutumin haƙuri a ransa, har ƙashin ya fito fari-fari kamar yadda Allah ya yi shi.

Ranar da takardar izinin binne shi ta fito, da sassafe ya isa maƙabarta da ƙaramin akwati a rungume. Hazo bai gama tashi daga kan kaburburan ba. Baba na jiransa can ƙarshen layi, gindin katanga, da liman da mutum biyu masu aikin wurin. Tawada da Inna suka tsaya daga waje, bakin ƙofa.

"Ba mu san addininsa ba, Baba," in ji Dogo.

"Wanda ya yi shi ya sani. Namu mu rufa masa asiri."

Baba ya fara haƙa, ya yi kamar kamu biyu, sai ya miƙa wa Dogo magirbin. Dogo bai taɓa riƙe shi ba. Kafin ya kai zurfin da ake so tafin hannunsa ya yi bororo ya fashe, bai tsaya ba. Baba na tsaye a kansa yana cewa, gyara nan, miƙar da can, kar ka bar tudu a inda zai kwanta.

Aka naɗe kan a farin ƙyalle. Baba ya ce, "Shiga ka karɓe shi." Dogo ya shiga ramin, ya miƙo hannu biyu, ya karɓa, ya kwantar da shi a hankali. Liman ya yi addu'a, aka mayar da ƙasa.

Da kowa ya watse suka rage su biyu. Baba yana kakkaɓe hannu bai dube shi ba ya ce:

"Har yanzu kana kan maganarka ta birai?"

Zuciyar Dogo ta buga. Ga ƙofa can, ga mayafin Tawada yana hangowa. Kalma ɗaya ce tsakaninsu.

"Baba, ban taɓa musun Annabi Adamu ba, ba kuma zan musa ba. Amma abin da na karanta, akwai da yawa da na gamsu da shi. Yadda za a haɗa su ban sani ba tukuna. Ba zan yi maka ƙarya a kan kabari ba."

"Ni ma ina kan tawa," in ji Baba. "Ban yarda da karatun nan naku ba, kuma duk ranar da ka zo gidana sai mun yi ta."

Dogo ya sunkuyar da kai, jikinsa ya yi sanyi.

"Na ce duk ranar da ka zo gidana. Ko kunnen ma na filasta ne? Ka turo manyanka ranar Asabar."

Wallahi Dogo bai san lokacin da ya durƙusa a cikin taɓo ya kama hannun tsohon ba. Daga bakin ƙofa Tawada ta ga haka, ta faɗa jikin Inna tana kuka tana dariya.

Aka mayar da Dogo bakin aiki wata guda kafin biki. Ɗan goggo ya yi fushi na kwana biyu, uwarsa ta ja masa kunne, ranar ɗaurin aure shi ne ma ya yi ta ɗaukar hotuna.

An ɗaura aure da hantsi a ƙofar gida, mutane cike da layi, har shugabar gidan tarihi da masu aikin maƙabarta. Da za a tafi da amarya aka kai ta gaban Baba ta durƙusa, ango na gefe. Baba ya ɗora hannunsa mai kaushi a kanta.

"Uwata, na ba ki ga mutumin da muka saɓa da shi a magana, kuma za mu ci gaba da saɓawa. Amma ya ƙi ya saye ni da ƙarya, ya kuma sa aikinsa a bakin wuta saboda wanda ba zai taɓa ce masa na gode ba. Ki riƙe shi da kyau."

Ya juya ga Dogo.

"Kai kuma ɗan nan, ina da roƙo. Na rufe mutane ba adadi, kullum ina tunanin wa zai rufe ni. Ranar da tawa ta zo, kai nake so ka shiga ramin ka karɓe ni."

Dogo ya gyaɗa kai, hawaye na zuba a kan sabuwar rigarsa. Inna ta ce, "Haba Malam, ranar biki?" tana share nata idon. Baba ya ɗaga hannu sama, kowa ya ɗaga.

"Allah ya ba ku zaman lafiya. Allah ya ba ku zuri'a masu tambaya, masu kuma tsoronsa. Allah ya sa ku tsufa tare, ya rufa muku asiri a bayan ƙasa da cikinta."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.